Tangaɗin Gidan Dikko

Kafin ciwon ya kama shi, Dikko ne ladanin masallacin Unguwar Ɗantani, wani ƙauye da ke gindin duwatsun Doguwa. Kakanninsa makiyaya ne da suka gaji da yawo suka kafa gida, har yanzu da 'yan shanu a bayan danga, amma masara da dankalin turawa ne ke riƙe da gidan. Dogon mutum ne mai murya, idan ya kira asuba har rugagen da ke ƙetaren rafi ana ji. Matarsa ɗaya, Salamatu, kuma 'ya'ya biyu Allah Ya bar musu: Hasiya da ke aure a Kiru, da ƙanenta Zayyad mai acaɓa tsakanin Doguwa da Tudun Wada.

Dikko ya haura arba'in kaɗan lokacin da tafiyarsa ta canja. Da farko tuntuɓe ne a kunyar gona. Daga baya ya riƙa buɗe ƙafafu idan zai yi tafiya, yana layi, yana dafa katanga. Sai kuma harshensa ya yi nauyi. Wata la'asar ya tsaya kiran salla, kalmomin suka fito a tauye suna jan juna, mutanen da ke alwala suka ɗago suna kallon juna.

Ba a daɗe ba magana ta zaga gari cewa ladan ya fara shaye-shaye. Wasu suka ce maganin tari ne, wasu suka ce ƙwaya. Liman ya kira shi zaure, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ya ɗan huta tukuna, akwai wanda zai riƙe masa. Dikko bai yi musu ba. Ya dawo gida ya zauna a gindin durumi, ya daina zuwa jam'i sai ranar Juma'a, ita ma a sahun baya.

Salamatu ta san mijinta ko goro ba ya ci. Ta kuma san abin da aka daina ambato a gidan: mahaifin Dikko haka ya yi ta layi har ya faɗa rafi da damina, kuma akwai gwaggonsa da ta ƙare rayuwarta a kwance. A zamanin an ce iska ce ke bin gidan. Don haka ta nemo rubutu, ta yi hayaƙi, ta kai shi wajen mai magani a Dangora, babu abin da ya sauya. Zayyad kuwa sau biyu ana raba shi faɗa a tasha saboda an kira ubansa mashayi.

Wata rana Dikko ya faɗi a bakin rijiya ya fasa goshi, Zayyad ya goya shi a babur zuwa asibitin sha-ka-tafi na gari. Asibi, ma'aikaciyar lafiyar da ke wurin, ta wanke ciwon ta ɗaure. Amma ba ta sallame su ba. Ta ja kujera ta zauna gaban Dikko, ta ɗaga yatsu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

"Baba, kada ka juya kai. Dubi wannan. To, yanzu dubi wancan."

Idon mai lafiya tsalle yake daga nan zuwa can kafin ƙiftawa. Idanun Dikko kuwa sai suka tafi a hankali, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Asibi ta sake gwadawa, sannan ta nemi izininsa ta ɗauki hoton idanun mai motsi a wayarta.

Wannan gwajin ta koya ne a hannun Dakta Kamaluddeen, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a wani babban asibiti a Kano, haifaffen Bebeji. Shekaru ya kwashe yana binciken abin da motsin ido ke nunawa game da ƙwaƙwalwa. Ya zaga ƙananan asibitocin kudancin Kano yana koya wa ma'aikata yadda za su duba idon mai jiri su gane ko ciwon kunne ne da zai wuce, ko kuwa shanyewar jiki ce ke tafe, a garzaya da shi birni. Mutane da dama sun rayu ta wannan hanya. Da hoton idon Dikko ya iso wayarsa, bai ce a kawo maras lafiya ba. Ranar Asabar ya tuƙo motarsa da kansa, ya ratsa dajin Falgore, ya yi sallama a ƙofar gidan.

Mutum ne gajere mai furfura a gemu. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya gaida Dikko yadda ake gaida manya, ya sha furar da aka kawo masa. Sannan ya daɗe yana dubawa. Ya sa shi ya taɓa hancinsa da yatsa, ya sa shi tafiya a tsakar gida, ya yi ta tambaya a kan iyaye da kakanni. Salamatu na zaune a bakin ƙofar ɗaki tana saurare.

"Malam," in ji likitan, "wannan ba maye ba ne, ba kuma iska ba ce. Akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa a nan ƙeya, shi ke daidaita tafiya da harshe da ido. Shi ne yake ƙanƙancewa a hankali."

Salamatu ta ce, "Likita, akwai magani?"

Ya juyo ya fuskance ta. "Inna, ba zan ruɗe ki ba. Har yau ba a samo wanda zai warkar ba, ko a nan ko a wata ƙasa. Akwai abin da za mu yi ya rage faɗuwa, ya daɗe yana cin abinci da kansa. Amma ciwon gaba yake yi."

Ta sunkuyar da kai. Dikko kuwa kamar bai ji wannan ɓangaren ba. Ya kama hannun likitan da hannunsa mai rawa.

"Ka ce... ba maye ba ne?"

"Ba maye ba ne, Malam."

"To ka zo... ka faɗa musu. A masallaci. Duk ka faɗa."

Juma'ar da ta biyo baya Dakta Kamaluddeen ya dawo. Bayan an idar da salla liman ya ba shi dama, ya tsaya gaban jama'a ya yi bayani da Hausar da kowa zai gane. Wani dattijo ya tambaya ko ana ɗauka. Likitan ya ce a'a, ko kwano ɗaya aka ci da shi ba a ɗauka, ciwon gado ne, jini yake bi, daga uba ko uwa zuwa wasu cikin 'ya'ya. Ya faɗi haka ne don kada a guji Dikko. Liman ya miƙe ya nemi gafarar ladaninsa a gaban kowa, mutane suka yi ta zuwa suna miƙa masa hannu. Ranar Dikko ya dawo gida yana kuka yana dariya, ya ci tuwo har da ƙari.

Salamatu ce kaɗai ba ta ci ba. Da Zayyad ya maimaita mata jawabin, kalma ɗaya, gado, ta tsaya mata a rai, ta zuba wa ɗanta ido yana cin abinci har ya ce, "Inna, lafiya?" Ta ce lafiya lau.

Daga nan likitan ya zama kamar ɗan gida. Ya kawo wa Dikko sanda mai ƙafa huɗu, ya koya wa Salamatu yadda za ta riƙa dama kunu da kauri don kada ya shaƙe shi. Da yardar dangi ya ɗebi jinin masu ciwon, ya bi zuriyar har Tudun Wada da Badafi, ya gano gidaje da yawa da aka daɗe ana yi musu kallon mashaya ko masu iska. Abin da ya rubuta a kansu ya kai ƙasashen waje. Likitoci suka riƙa kiransa taro, ɗalibansa suka bazu a asibitoci suna duba ido yadda ya koyar. Wata safiya aka yi hira da shi a rediyo. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma ya faɗi abin da bincikensa ya gano, cewa a wannan ciwon ido ne ke fara nauyi, shekaru kafin ƙafa ta nuna komai.

A Unguwar Ɗantani ba a buƙatar suna. Kafin mako ya zagayo, a tasha abokan Zayyad sun fara ɗaga masa yatsu suna cewa dubi nan, dubi can. Da wasa suka fara. Daga baya ya lura ko fasinja ne ya tsaida shi, sai ya ɗan leƙa fuskarsa kafin ya hau.

A lokacin an riga an sa ranar aurensa da Bushra, 'yar Malam Sha'aibu mai sayar da hatsi a kasuwar Tudun Wada, an ce sai bayan kaka. Malam Sha'aibu bai aiko kowa ba, da ƙafarsa ya zo. Ya duba Dikko da jiki, suka daɗe suna gaisawa, sannan ya yi gyaran murya.

"Malam Dikko, Allah Ya sani ban zo da wulaƙanci ba. Yaron nan ina sonsa, ban taɓa jin abin assha a kansa ba. Amma 'ya amana ce. Tunda an ce likita na iya ganewa tun da wuri, a bar shi ya duba. In lafiya ce, wallahi ko gobe a ɗaura."

Dikko ya yi ƙoƙarin amsawa, harshen ya ƙi. Ya gyaɗa kai kawai.

Bayan baƙon ya tafi, Salamatu ta tare ɗanta a ƙofar zaure.

"Kada ka je. Abin da Allah Ya rufe, ka bar shi a rufe."

"Inna, ai an riga an buɗe. Kullum a tasha idona ake kallo. Gara in je in rufe bakin mutane."

"In kuma ba haka aka samu ba fa?"

Ya yi dariya, ya buga ƙirji. "Ni da nake ratsa Falgore da buhu biyu a baya? Dube ni, Inna."

Ranar kasuwar Tudun Wada ce likitan ke zuwa duba marasa lafiya a garin. Salamatu ta ce ƙafarsa ƙafarta. Da suka shiga ɗakin, Zayyad ya faɗi abin da ya kawo shi, Dakta Kamaluddeen ya ajiye abin da ke hannunsa ya fuskance shi.

"Zayyad, wannan ba abu ba ne da ake yi don suruki. Mutane da yawa sun zaɓi kada su sani, kuma ba su yi laifi ba. In na duba, ba ni da maganin da zan ba ka. Ka je ka yi tunani, ka dawo wani watan."

"Likita, kai ka faɗa a rediyo. Yanzu mai shayi ma duba ni yake. In za a duba ni, gara wanda ya sani ya duba."

Likitan ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Duk abin da na gani, kai kaɗai zan faɗa wa. Ko Malam Sha'aibu ya zo ba zai ji daga bakina ba. Kana so Inna ta fita?"

"Ta zauna."

Aka ɗaura masa wani tabarau mai kyamara, aka ce ya bi ɗigon haske a bango. Salamatu ba ta san karatun na'ura ba, amma ta shekara tana kallon idon mijinta. A allon kwamfutar ta ga idon ɗanta ya yi girma kamar faifai, ta ga ɗigon ya yi tsalle, idon ya bi shi, sai dai ya ɗan makara. Kaɗan ne ƙwarai. Ta ce a ranta ƙila gajiya ce, tun asuba yake kan babur. Likitan ya maimaita gwajin, ya sake maimaitawa, sannan ya cire tabaraun a hankali.

"Akwai ɗan nauyi," in ji shi. "Ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai mun ga jini."

Sakamakon jinin ya zo ana tsakiyar girbin masara, kuma bai saɓa wa idon ba. Likitan ya zo da kansa ya faɗa masa a gona, su biyu. Ya ce masa yana da shekaru masu yawa a gaba da ƙafafunsa lafiya, zai iya sana'arsa, zai iya aure in matar ta sani ta yarda, kuma ba kowane ɗa ne zai gada ba. Zayyad ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya koma karyar masara.

Washegari ya tafi Tudun Wada ya sami Malam Sha'aibu a rumfarsa, ya durƙusa ya ce ya janye. Bai faɗi dalili ba, dattijon ma bai tambaya ba, sai hawaye da ya share da bakin rawaninsa. Bushra ta yi ta kiran wayarsa, ta aiko ƙawarta ta ce ita ta ji ta gani, ta yarda. Zayyad ya ce a gaya mata ta zo ta kalli yadda uwarsa ke ɗaga ubansa zuwa bayan gida, sannan ta sake faɗa. Bai ƙara ɗaukar kiranta ba. Da bazara aka ɗaura mata aure da wani malamin makaranta.

Fasa auren ya isa shela. Babu wanda ya ce masa komai a tasha, yatsun ma aka daina ɗaga masa, amma sai ya wuni a inuwa fasinja na wuce shi suna hawa na wasu. Mata masu goyo ba sa ko kallon wajensa. Ya jure har ƙarshen rani, sannan ya rabu da babur ɗin, ya ce zai tafi wajen Riruwai inda ake haƙar kuza, can babu mai tambayar ɗan gidan wa ne. Salamatu ta roƙe shi ya tsaya ga gona. Ya ce gonar ba ta hana shi tunani.

Yakan zo gida jefi-jefi, jikinsa duk jar ƙasa, ya yi wa ubansa aski, ya gyara danga, ya koma. Tafiyarsa garau, maganarsa garau. Salamatu ta fara cewa a ranta ƙila likita ya yi kuskure.

Cikin watan marka, wata Talata da hantsi, mutum biyu suka yi sallama a ƙofar gida. Sun ce Zayyad na fitowa daga rami da buhun ƙasa a kafaɗa, ya kusa kaiwa baki, sai ya suɓuce ya koma. Ramin mai zurfi ne. Ɗayansu ya ce an kwana ana ruwa, matakalar da santsi. Kafin la'asar aka kai shi makwancinsa. Dikko bai iya zuwa maƙabarta ba, a zaure aka zaunar da shi, an tokare shi da matashin kai, mutane na yi masa gaisuwa yana motsa baki.

Dakta Kamaluddeen ya zo ranar addu'ar uku. Bayan ya zauna da maza, ya nemi iso wajen Salamatu. Ya same ta a tsakar gida, Hasiya na gefenta da jaririya a cinya. Ya durƙusa daga nesa ya yi ta'aziyya, ta amsa. Har ya yunƙura zai tashi ta ce ya dakata.

"Likita, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka gaya mini. Ciwon ne ya kada shi?"

"Inna, ban sani ba. Ganina da shi na ƙarshe ƙafafunsa lafiya suke. Mai lafiya ma yana zamewa a wannan wuri. Amma in na ce miki na tabbata, na yi ƙarya."

Ta ce, "Ka wanke mini miji, har in mutu ba zan manta ba. Da ya tafi kabari da sunan mashayi. Amma yaron nan, da an bar shi da jahilcinsa, da yanzu yana kan babur ɗinsa, matarsa na da ciki."

Likitan bai kare kansa ba. Ya ce, "Haka ne, Inna."

"Ba zagin ka nake ba. Na rasa wanda zan gaya wa ne."

Ya juya wajen Hasiya kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ita ce ta ɗago.

"Likita, ni kada a duba ni. Ni da 'ya'yana."

"Ba mai duba ki sai kin nema," in ji shi. "Ko mijinki ne ya zo, amsar da zan ba shi ke nan."

Bai sake hawa rediyo a kan ciwon ba. A wajen koyarwa kuma ya ƙara darasi guda da yake daɗewa a kansa fiye da gwajin kansa: wa ya kamata a duba, wa za a gaya wa, da abin da ba a faɗa a bainar jama'a ko da niyyar alheri. Binciken bai tsaya ba. Gwajin ya kai jihohin maƙwabta, kuma a damina mai zuwa Asibi ta gane shanyewar jiki a idon wata mai jego tun kafin ta faɗi, aka kai ta Kano a kan lokaci, ta dawo da ƙafafunta.

Dikko ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. A ƙarshe ko kunun mai kauri sarƙe shi yake, ƙirjinsa ya cika, zazzaɓi ya kama shi, ya cika da rana tsaka kansa a kan cinyar matarsa. Liman da kansa ya yi masa wanka.

Da Salamatu ta fita takaba, ta bar shanun da gonar a hannun dangin mijin, ta koma Kiru wajen Hasiya. Surukinta mutumin kirki ne, ya ware mata ɗaki, bai taɓa tada maganar ba. Hasiya ta haura talatin yanzu, tana da 'ya'ya huɗu, tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Kowace safiya takan ɗauko tulu daga bakin rijiya ta ratsa tsakar gida zuwa madafa, Salamatu na zaune a ƙofar ɗaki da carbi a hannu. Rannan Hasiya ta tsaya a tsakiyar gidan da tulun a kanta.

"Inna, don Allah ki daina kallon ƙafata."

Salamatu ta ce to. Ta ja tabarmarta ta koma cikin ɗaki, ta zauna inda take iya jin takun kawai.